Sallama Uku a Zauren Kakana

Ina da shekara tara ranar da Baba ya kama hannuna bayan la'asar, muka ratsa lungunan cikin garin Gumel zuwa gidan da aka haife shi. Tun rasuwar kakana 'yan'uwa suka watse, wasu Kano, wasu Maigatari, gidan ya zama kango. Damina ta cinye rabin katangar, azarar zauren ta lanƙwaso, ko ƙyaure babu. Har yau in na ji warin kashin jemage haɗe da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙofar nan nake gani.

Baba ya tuɓe takalmansa a bakin zauren, ya gyara zaman hularsa.

"Salamu alaikum."

Shiru. Ya sake yi, ya jira. Ya yi ta uku da ƙarfi. Wata akuya ce kawai ta leƙo daga ciki tana tuƙa.

Na ce, "Baba, ai babu kowa. Mu shiga mana."

Bai dube ni ba ya ce, "Gidan da ba a amsa maka sallama ba, ba a shigarsa, ko da na ubanka ne."

Ya mayar da takalmansa, muka juya. Ni kuwa haushi nake ji an hana ni bin akuya.

Bai sake taka lungun ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Yanzu shaguna ne a wurin. Abu ɗaya ke cin raina: ga katanga a faɗe, ga ni da ƙafa da baki. Me ya hana ni zagayawa ciki in amsa masa?