Gemun Kyaftin Kada

Sunan jirgin ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Wani lokaci nakan ce bayan babbar ambaliya ne, wani lokaci in ce kafin ta. Abin da na riƙe shi ne yana tashi daga Durban ya leƙa gaɓar Mozambik ya dawo, kuma an yi masa ado irin na 'yan fashin teku na zamanin da.

Melusi Gumede ya shiga da mahaifiyarsa MaShezi, wadda ba ta daɗe da tuɓe baƙaƙen kayan takaba ba. Zibuyile, yarinyar da yake nema, ita ta samo musu tikiti a wurin aikinta. Ta ce tsohuwa ta sha iska kafin baffanninsa su je gidan iyayenta a Eshowe maganar shanun sadaki. Ita ba ta biyo su ba, don bai kamata ba tukuna. A al'adarsu, shi ma bai taɓa haɗuwa da iyayenta ba.

A bakin ƙofa aka ba kowa jan ƙyalle na ɗaura kai, da takobin roba, da sunan wasa rataye a ƙirji. Dokar jirgin ke nan, ba a kiran kowa da sunan gidansu sai an sauka. MaShezi ta zama Sarauniyar Guguwa. Melusi ya zama Tarwaɗa, abin da bai ba shi dariya ba.

Jirgin gari ne guda. Akwai tafkin wanka a can sama, da wurin sulɓi inda manya ke ihu fiye da yara, da ɗakin caca, da zauren wasan kwaikwayo. Abinci ba ya yankewa, jatan lande da nama da miyar kori, har da tuwon masara don irin su MaShezi. Duk da wannan yalwar, wani dattijo bai ga wurin zama ba sai teburinsu.

Gemun ƙarya ya manna har ciki, ya rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle. Sunansa Kyaftin Kada. Ba ya wanka a tafki, ba ya caca, ba ya shan giya. Shi kaɗai ya zo. Inda Sarauniyar Guguwa ta zauna, nan za ka gan shi.

Tambayoyinsa suka fara damun Melusi. Gidansu na unguwar Umlazi ɗaki nawa ne? Sunan wa ke kansa yanzu? Motocin hayar da marigayi ya bari, wa ke kula da su? Shi marigayin, mai zafin rai ne? Yana tambaya yana satar kallon Melusi da idon nan guda, yadda yake ci, yadda yake magana da masu kawo abinci.

Melusi ya san irinsu. A cocinsu akwai gwauruwa da wani mai daɗin baki ya bi da addu'a da furanni, yau haya take biya a bayan gidan da mijinta ya gina.

"Mama, mutumin nan gidanki yake aunawa."

"To Tarwaɗa, ka bar shi ya auna. Ka taɓa ganin an ɗauke gida da ido ɗaya?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni kuma wasa na zo yi. Je ka yi wanka."

Ya tambayi wata ma'aikaciya ainihin sunan dattijon. Ta yi murmushi ta ce a nan kowa ɗan fashi ne, ya jira a sauka. Ya so ya kira Zibuyile ya yi shawara, waya ba ta tafiya a tsakiyar ruwa.

Ranar ƙarshe da la'asar aka yi rawa a saman jirgi. Makaɗa suka saki wani tsohon kiɗa, MaShezi ta tashi tana juyi, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Da ta zauna tana haki, dattijon ya matso da kujera. Melusi na bayansu riƙe da lemo.

"Sarauniya, gaya mini gaskiya. Gidan naku zai ɗauki ƙarin mutum? Kuma wanda ya shigo, zai zauna lafiya da ɗan nan naki?"

Melusi ya ajiye lemon. Ya tsaya a kan dattijon yana zaune, ya kalle shi ido cikin ido, ya nuna shi da yatsa, abubuwan da tun yana ƙarami aka hana shi yi wa babba.

"Baba, ba kunya? Da furfurarka kana farautar gidan matattu?"

Ya kama gemun ya fizga. Gemun ya fito da 'yar fatar haɓa. Ya wurga shi teku. Jama'a suka ɗauka cikin wasan jirgi ne, suka yi ta tafi, mai ganga ma ya ƙara masa da kiɗa.

Dattijon ya dafe haɓarsa da hankici, ya miƙe a hankali.

"Na gode, ɗana. Ka rage mini tambaya."

Bai sake zuwa teburinsu ba. Melusi ya sauka a Durban da ƙirji a buɗe, yana ba kowa labarin yadda ya ceci gidan ubansa.

Sauran ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, sai da na je na tambayi babban baffansa da kaina, ya kuma tabbatar mini. Baffannin sun isa Eshowe da sassafe, suka tsaya a ƙofar shinge suna kirarin dangin gidan kamar yadda aka saba. Rana ta take, ba a buɗe ba. Can mahaifin Zibuyile ya fito, da tabo sabo a haɓarsa, ya ce, "Ku koma ku gaya wa Tarwaɗa, ranar da ya tsamo mini gemuna, sai mu yi maganar shanu."