Ranar Da Babur Ya Yi Tsalle Da Baba Tela

Baba Tela ya haura shekara sittin kafin ya fara hawa babur. Gwiwoyinsa ne suka gaji da taka keke zuwa shago, sai ya sayi wani ɗan ƙaramin babur na hannu, ja, mai madubi ɗaya. Ranar da aka kawo shi, sai da ya ɗinka wa kujerar riga da ragowar yadi, har da ado a gefe.

Kullum da yamma yakan tura shi filin bayan makaranta. Malaminsa kuwa maƙwabcinsa ne mai wanki, wanda shi kansa aron babur yake yi. Baba ya tashi, babur ya mutu. Ya sake tashi, ya nufi bishiya gadan-gadan. 'Yan unguwa suna tafi, shi ma yana dariya har hularsa ta faɗi.

Wata rana zai fita, matarsa Inna ta ce, "Malam, yau kuma me za a koya?"

"Giya," in ji shi.

"Giya? Da furfurarka? To, Allah ya shirya."

"Ta babur, ke kuma!"

Ba a daɗe ba hannu ya faɗa. Baba ya shiga zuwa shago a kan babur, yana danna wa kowa ham, har wanda bai sani ba.

Sai babur ya fara gardama. In ya taka giya ta ɗaya, sai ya ji ƙas, kamar an buga guduma. In ya tsaya, ko ya matse kuloci gam, babur ɗin yana ta jan jiki gaba. Neman firi kuwa, wato fitar da babur daga giya, ya zama aiki, sai ya yi ta shuri yana gumi.

Mai wanki ya ce, "Ƙarfe ne fa, Baba, ba alharini ba. Taka shi da ƙarfi, zai ji magana."

Inna ta ce, "Malam, mijin 'yarka bakanike ne. Ka kai masa ya duba mana."

Baba ya ɓata rai. A ransa ya riga ya yanke cewa laifin ƙafarsa ne, tsufa ya hana ta koyo. "In je gaban surukina in ce har yau ban iya sa giya ba? A'a. Zan saba."

Haka ya ci gaba da shuri.

Ana gab da komawa makaranta, Baba ya ɗaure kayan 'yan makaranta da ya gama a bayan babur, zai kai wa masu su. A bakin titin kasuwa ya tsaya wata babbar mota ta wuce. Giya tana ciki, kuloci a matse, yana ƙara wuta don kada inji ya mutu. Sai ya ji ɗas a hannunsa na hagu. Wayar kuloci ta tsinke. Babur ya yi tsalle ya daki bakin kwalbati, Baba ya faɗi a kan hannunsa na dama, fararen riguna suka zube cikin ruwan kwata.

A asibiti aka ce wuyan hannu ya karye. Tela ba hannun almakashi! Iyayen yara suka zo dubiya, suka yi masa sannu, sannan cikin jin nauyi suka karɓi yadinsu suka kai wa wani. Shagon da ba a taɓa ganinsa a rufe ba ranar aiki, ga shi da kwaɗo, a lokacin da ɗinki ya fi yawa. Wannan ya fi karayar yi wa Baba ciwo.

Surukin nasa ya ɗauko babur ɗin ya kawo tsakar gida, ya durƙusa ya gaishe shi, ya baje kayan aiki.

"Baba, kafin abin ya faru, in ka tsaya yana jan jiki?"

"Yana ja."

"Firi tana wuyar samu?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ƙafar ce, ta tsufa."

Surukin ya zaro wayar ya miƙa masa. Ta tsittsinke kamar tsohon zare, sili biyu ko uku ne suka daɗe suna riƙe da ita. Ya juye baƙin mai, ya fito da kauri kamar kwalta. Ya nuna masa matakin giya, shuri ya lanƙwasa shi.

"Wayar ta saki tun tuni, Baba. Kana matsewa, amma kuloci ba ya sakin inji sosai, shi ya sa giya take ƙin shiga. Ƙafarka ba ta da laifi ko kaɗan. Ni kaina da wannan wayar ba zan samu firi ba."

Baba ya ɗago kai a hankali. "Wato na iya?"

"Ka iya, Baba. Wanda ya yi ta yawo da wannan babur a haka ai gwani ne."

Baba ya fashe da dariya har yana riƙe filastarsa. "Inna! Fito ki ji da kunnenki. Ashe na iya!"

Daga kicin ta ce, "Na ji, direba mai hannu ɗaya."

Da hannu ya warke, ya buɗe shago, masu ɗinki suka dawo kaɗan-kaɗan. Safiyar da ya sake hawa, ya matse kuloci, ya taɓa giya da ɗan yatsan ƙafa, ta shige sumul. Ya zauna yana murmushi shi kaɗai, har na bayansa suka fara ham.

Mai karatu, abin hawa ba ya lalacewa sai ya yi gargaɗi. In giya ta fara gardama, kada ka sa ƙarfi, kada kuma kunyar tambaya ta hana ka zuwa wurin wanda ya sani.