Waldar Da Direba Ya Rufe Da Baƙin Mai

Na ga kana ta kwana-kwana, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Gyara zama in ba ka misalin wani direba.

Direban nan yana jan bas ɗin wani dattijo ne, wanda ya miƙa masa makulli bisa amana da sharaɗi guda: mutane zai riƙa ɗauka, ban da kaya. Ran nan kwaɗayi ya ja shi, ya cire kujerun baya, ya danƙara buhunan albasa har rufi, ya bi wata hanya da ruwa ya zaizaye. Bai kai kasuwa ba ya ji ƙas a ƙarƙashin mota. Da ya leƙa, sai ga babban ƙarfen sifirin na baya, ɓangaren hagu, wanda ke tallafe nauyin motar a kan taya, ya tsage. Ba direban da bai san sifirin ba ya riƙe walda ba, shi ma ya sani sarai, amma tsoron idon maigida ya fi ƙarfin saninsa. Ya kai wa wani mai walda a garin da ba a san shi ba, aka liƙe tsagar, ya shafe wurin da baƙin mai, ya watsa ƙasa a kai har ya saje da sauran dauɗar. Ya mayar da kujerun, ya koma gida yana ganin ya tsallake rijiya da baya.

Bayan kwana huɗu maigida ya kira shi, ya ce ranar Lahadi zai kai masa iyali bikin suna a ƙauye, don haka ya fara kai motar a duba ƙafafunta. Direba ya kai ta gareji. Makaniken maigidan tsoho ne, ido ya soma rauni, sai dai hannunsa da kunnensa ba su tsufa ba. Ya danna kowace kusurwar motar da nauyin jikinsa ya saki, yana lura da sau nawa za ta yi lilo kafin ta tsaya. Ya sa jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya shafa ta ya ji ko gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ya laluba shakzoba, mai rage jijjigar mota, ko tana yoyon mai. Ya sami wasu robobi biyu da suka mutu, ya canza. Duk wannan direba na tsaye a kansa, yana bin hannun tsohon da ido har ya kai bai fi taƙi ɗaya ba tsakaninsa da waldar. Sai tsohon ya tsaya, ya ce daga ƙarƙashin motar, “Ɗana, ka taɓa faɗa rami da ita, ko ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta? Faɗa mini, in san inda zan wanke in duba.” Gaskiya ta zo wa direba har leɓe, ya mayar da ita. Ya ce, “A’a Baba, lafiyarta lau.” Tsohon ya janye hannu, ya sauke jak.

Ranar Lahadi, don kyautatawa, maigida ya ce a tafi da mahaifiyar direban, tunda tana da ’yar’uwa a ƙauyen. Direba ya yi ta roƙonta ta shiga gaba. Ita kuwa shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a idon jama’a. Ta ja mayafi ta wuce kujerar ƙarshe, ta zauna daidai kan tayar hagu. Haka ya ja motar, don in ya ce ta tashi, dole ya faɗi dalili.

Ban taɓa jin doguwar hanya irin wadda ya bi ran nan ba. Ido ɗaya a titi, ɗaya a madubi yana duban tsohuwarsa. Duk ramin da taya ta taka, a ƙirjinsa yake jin sa. Matan suna ta yi masa tsiya, wai ko jaki ya fi shi sauri, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga, yana ta salati a zuci. Har an hango rumbunan ƙauyen, ya fara sakin numfashi, sai suka hau wani kwalbati mai tudu. Waldar ta saki. Bayan motar ya zauna a kan taya, ta karkace, ta gangara kwari ta kwanta a gefen hagu. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, yara da mata duk ƙujewa suka yi. Mutum ɗaya aka ciro ba ta iya tsayuwa, ita ce mahaifiyarsa, ƙugunta ya karye.

Da aka jawo motar gareji, tsohon makanike ya shafa bakin karayar, ya ji tudun walda a yatsansa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Ƙarfe ɗaya ne fa. Da ka faɗa, kafin azahar na canza shi.” Maigida ya karɓi makullinsa. Amma ba wannan ne ya fi ci wa direban rai ba. Tsohuwar har ta koma ga Allah da sanda take tafiya, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce ƙaddara ce, yaron nan ba shi da laifi, ai sai da ya kai motar aka duba. Yana zaune yana ji, kansa a ƙasa.

To, ka ji. Wanda ya kai kansa a duba shi, ya buɗe duka. Masu iya magana sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.