Iskar Tayun Baya

Ina yarinya, shekarar da aka fara Shari'a, aka tara mu mata a bayan mota tare da buhunan gero, za mu Shinkafi duba Kaka da ke kwance. A Ƙaura direba ya tsaya wurin mai faci. Inna ta leƙa ta ce, "Malam, a ƙara wa na baya iska, su ke ɗauke da mu."

Direban ya yi dariya. "Hajiya, tayun iri ɗaya ne, iskarsu ɗaya. Bar mana aikinmu."

Kafin Badarawa tayar baya ta fashe. Har yau ina jin warin robar. Mun isa an dawo daga maƙabarta, direban kuwa yana gaya wa mutane wai nauyin mata ne. Wannan maganar ce na kasa yafewa.