Karkatar Da Kogin, Madam

Karo na uku ke nan Fa'iza tana daidaita hoton a kwamfutar shagonta, yana ƙi. Dogon hoto ne, irin wanda ake juyawa da waya a ɗauka: sabon bene a tsakiya, kogin Binuwai a bayansa. In ta miƙar da benen, sai kogin ya karkace kamar zai juye cikin garin Garwa. In ta miƙar da kogin, sai benen ya kwanta gefe kamar fasinja mai gyangyaɗi.

Ta juyo ga maginin da ya kawo aikin. "Malam Hanzala, hotonka lafiyarsa lau. Gininka ne a karkace."

Ko gezau bai yi ba. "Na sani, Madam. Karkatar da kogin."

"Kogi fa?"

"Ni na gina shi? Wa zai tuhume ni a kan kogi? Mai gidan yana Kuseri wajen kasuwanci, a hoto kawai yake ganin aikin."

Ta yi dariya har da hawaye, tana tausaya wa gaulan da zai kwana a ciki da iyalinsa. Ta miƙar da bene tsaf, Binuwai ya kama hawa tudu.

"Tura masa ta wayarki, tawa ba caji," ya ce, yana karanto mata lamba.

Ba ta gama dannawa ba suna ya fito: Abban Khaula.

Mijinta ne. Shi da ya ce ta fara ɗaure kaya, akwai albishir bayan Sallah.