Rance Iri Biyu

Wasiƙar ofishin haraji ta iso mijina yana shafa wa burodi bota. Yana karantawa wuƙar ta suɓuce masa.

"Fam dubu sittin! Sai dai mu sayar da gidan nan."

Shekara goma ke nan yana kwangilar aikin kwamfuta a Leeds. Wani mai zaƙin baki ya koya masa dabara: kada a kira kuɗin aikinsa albashi, a kira shi rance. Rance ba shi da haraji, kuma wannan ba a mayar da shi. Ni ina aikin jinya, ana yankar nawa tun kafin in gan shi, shi kuwa yana ce mini sakarya.

Na zuba masa shayi, na tura masa littafin ajiyata. Tun ranar da ya fara wayon nan nake tarawa.

Ya duba, ya rungume ni har da ƙwalla. "Masoyiyata! Kyauta?"

"Rance."

Ya washe baki. "Irin nawa?"

"Irin na sakarkaru, gwanina. Wanda ake biya."