Kilishin Tsibiri

Tun da ka ce idan ka ajiye aiki za ka nemi wata ƙasa mai ɗumi ka je ka miƙe ƙafa, bari in ba ka labarin wani ɗan mahautan Gusau ka yi guzuri da shi.

Mutumin nan a Turai ya ƙarar da ƙarfinsa, yana tuƙa motar safa cikin dusar ƙanƙara har sanyi ya yi gida a gwiwarsa. Da ritaya ta zo, matarsa ta ce to alhamdu lillahi, sai gida. Shi kuwa ya ce sam. Gida akwai rana, gaskiya ne, amma akwai ɗauke wuta, akwai dangi masu sallama tun mutum bai wanke baki ba. Ya riga ya ga hoton wani tsibiri a waya, ga kwakwa, ga teku, ga rana tar kamar ta bazarar Gusau. Ai rana ɗaya Allah ya yi, in ji shi, duk inda ta fito gida ne. Matar ta ce ita ba ta yarda ba. Nan gogan ya bugi ƙirji: a je, Babbar Sallah ta same su can, zai yi mata kilishi irin na mahaifinsa da ranar tsibirin. In ya yi, an zauna ke nan. In bai yi ba, a koma Gusau, bakinsa alaikum.

Suka sauka. Zafi kam akwai shi, har ya fi wanda aka yi masa alkawari, sai dai jiƙaƙƙe ne. Gishiri ya narke a gwangwani. Babbar rigarsa ta kwana a igiya ta wuni, aka ɗauko ta da danshi. Ya ga maƙwabta na rataye kifinsu a kan hayaƙi, sai tausayinsu ya kama shi, wai mutane da rana kyauta suna ɓarnar itace. Bai tambayi kowa dalili ba, don ɗan mahauta ba ya tambayar masunci yadda ake shanya.

Ranar layya ya kayar da bijimin sa. Matar ta ɗebi nata kason ta soye shi ƙayau ta rufe a tukunya. Shi kuma ya wasa wuƙa, ya zauna ya fitar da nama fale-fale har kana hango tafin hannunsa ta ciki, don hannun bai manta gado ba. Ya jingina tsani ya shimfiɗa naman a kan rufin ɗaki, ya sauko yana taku ɗai-ɗai. Abin da bai sani ba, hadarin ƙasar nan ba ya sallama. A gida sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso, mata su kwashe shanya a tsanake. A can kuwa kana cikin rana tsaka sai ka ji kamar an kifa maka baho. Haka dattijo ya wuni hawa da sauka da gwiwa mai ciwo, ya kwashe a ɗauke, ya shanya a sake kecewa, shi jiƙe nama jiƙe. Da abin ya ishe shi ya dawo da shanyar falo ya sakar mata fanka. Fanka ta gaza, ya ɗauko dutsen guga ya bi naman ɗaya bayan ɗaya, gidan ya ɗauki wani wari da ko kyanwar maƙwabta sai da ta ƙaurace.

Duk da haka ya dama labu, wato haɗin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, ya tsoma naman ya sake shanyawa. Kafin a je ko'ina kilishi ya fito da funfuna, fara a sama koriya a ƙasa. Ya dube shi, gabansa ya faɗi, don ya san ba nama kaɗai ya ruɓe ba. Amma girman kai rawanin tsiya. Ya kankare abin da zai kankaru, ya ɗan nuna wa sauran wuta, ya jera a faranti ya ajiye gaban matarsa, ya ce ta sa albarka. Ta leƙa, ta ce, “Alhaji, ai yau azumi nake.” Don ya nuna mata ba komai, ya zauna ya cinye rabin farantin yana gyaɗa kai, hawaye na zuba, yana cewa yajin ne.

Sauran labarin tsakaninsa ne da banɗaki. Ya yi zarya har ƙafa ta daina ɗaukarsa, ya kwanta ya rame kamar kazar da ruwa ya doka. Matar ta yi ta jinyarsa da koko, da ya fara farfaɗowa ta riƙa tsakuro masa soyayyen namanta. Ko sau ɗaya ba ta ce “ai na faɗa maka” ba, kuma wannan shirun ya fi ciwon cikin cin rai. Ran da ya iya zama, ya daɗe yana kallon ruwa na zuba ta taga, kewar gida ta taso masa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Hajiya, ko za ki fara haɗa mana kayan nan?” Ta ce, “Ai ban taɓa kwance su ba, Alhaji.”

To ka ji. Ka je duk inda ranka ya so, ƙasar Allah da faɗi take, amma kada hoto ya ruɗe ka ka ɗauka ka samu Gusau a bakin teku. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane.